ZAUREN IYALI: Mu Kai 'Ya'yanmu Zinga Su Ga Ƙasarsu

 

Kwanakin baya, bayan sallar La'asar, muna zaune a harabar Masallacin Koudoukou yara suna biya allo, sai muka tambayi wani yaro da bai wuce shekara 11 ba ko ya san sunan kogin da garinmu yake bakinsa. Ya ce, "Ubangi ne, Malam, an koya mana a lakwal." Muka ce, "To ka taɓa ganinsa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Sau ɗaya, ta tagar mota." Da muka juya ga 'yan uwansa, sai muka tarar akwai waɗanda ko wannan gani na taga ba su samu ba. Alhali sunan unguwarmu kansa, Kilomita Biyar, ko Sankilo kamar yadda bakinmu ya saba, yana faɗa mana cewa kilomita 5 kacal ke tsakaninmu da tsakiyar gari, inda kogin yake.

Babu wanda bai san dalili ba. Tun daga ranar 5 ga Disamba 2013 muka shafe shekaru ƙetare iyakar unguwa yana iya zama sanadin ajali. Da Fafaroma Francis ya shigo wannan masallaci ranar 30 ga Nuwamba 2015, da yawa daga cikinmu a ranar suka fara taka titin da suka yi watanni ba su taka ba. Yau al'amura sun sassauta, alhamdu lillahi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mun saba da zaman cikin gida har mun gadar wa yara shi. Abin da muke tsoro shi ne, yaron da bai san ƙasarsa ba sai kasuwa da masallaci da lungun gidansu, ran da wani ya ce masa shi baƙo ne a nan, ba shi da abin da zai mayar masa. Saboda haka muke kawo shawara ga magidanta: a rani mai zuwa mu haɗa kai mu kai iyali yawon yini ɗaya zuwa Zinga, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta zamanin Turawa.

Me ke Zinga?

Zinga ƙaramin gari ne a lardin Lobaye, kudu da Bangui, a gaɓar Ubangi, kusa da inda kogin Lobaye yake zubowa cikinsa, gab da Mongoumba. Wanda ya gan ta yau da gidajenta na katako ba zai zaci ta taɓa zama maƙogwaron ƙasar nan ba. Turawan Faransa sun kafa Bangui a 1889 a gindin duwatsun da suka tare kogi, domin nan ne ƙarshen inda jirgi daga Brazzaville zai iya kaiwa. To amma kafin a iso Bangui akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ya gitta kogi a Zinga. Da damina ruwa yakan rufe shi jirgi ya wuce. Da rani kuwa, in ruwa ya janye, babban jirgi ba ya iya hawa. Dole a sauke kaya da mutane, a kewaye dutsen ta tudu, a sake lodi a ƙananan jirage.

Wannan larura ce ta sa aka shimfiɗa layin dogo daga Zinga zuwa ƙauyen Mongo. Tsawonsa bai kai kilomita 8 ba, faɗin da ke tsakanin ƙarafunansa santimita 60 ne, ya kuma yi aiki daga wajen 1930 zuwa farkon shekarun 1960. Da aka fasa duwatsun aka buɗe wa jirage hanya, sai amfaninsa ya ƙare. Shi ne kaɗai jirgin ƙasa da ya taɓa gudu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ragowar ƙarafunansa da tsofaffin sito suna nan tsatsa tana ci, kuma a 2006 gwamnati ta shigar da wurin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Ku duba, yaron da yake ganin jirgin ƙasa a littafin makaranta kaɗai zai ɗora hannunsa a kan na ƙasarsu.

Akwai wani tarihin kuma da ba kowa ya sani ba. A yarjejeniyar 4 ga Nuwamba 1911, Faransa ta yanka wa Jamus wani ɓangare na ƙasashen da take mulka domin Jamus ta sakar mata Maroko. Cikin abin da aka yanka har da wani siririn yanki da ya biyo kogin Lobaye ya taɓo Ubangi a Zinga. Ta haka Mbaiki da Zinga suka zama ƙarƙashin Kamaru ta Jamus na 'yan shekaru, har sojojin Faransa suka ƙwace Zinga a watan Agusta 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. An yi wannan ciniki a Turai ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga mazauna gaɓar ba. Iyalan da kakanninsu suka gangaro daga Garwa da Ngaundere, ko daga Kano da Katsina ta hanyar Adamawa, ya kamata su ji wannan labari, domin su ga yadda iyakokin da ake auna ɗan ƙasa da baƙo da su suka yi ta matsawa a hannun wasu.

Kada kuma mu nuna wa yara ƙarfe mu ɓoye musu gumin da ya ɗauke shi. Audugar da gahawar da katakon da suka bi ta wannan tasha suna gangarawa Brazzaville ne, daga can jirgin ƙasa ya kai su teku a Pointe-Noire. Wancan dogon layi an gina shi tsakanin 1921 da 1934 da aikin tilas, an kwashi mutane daga Ubangi-Shari da Cadi, dubbai ba su dawo ba. A dazukan Lobaye kuwa kamfanonin roba sun gallaza wa jama'a azabar da marubucin Faransa André Gide ya gani da idonsa a 1925, ya tona a littafin da ya fitar a 1927. A wannan hanya da za mu bi, a ƙauyen Bobangui, aka haifi Barthélemy Boganda, wanda ya bar mana taken nan na Sango, zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne. In motarmu ta iso nan, mu rage gudu mu gaya wa yara.

Bayan tarihi sai rairayi. Ba mu da teku, amma Allah bai hana mu gaɓa ba. Daga watan Janairu zuwa Afrilu, in Ubangi ya ja baya, yashi yakan fito fili-fili a gefensa da tsakiyarsa, masunta su kafa bukkoki, yara su sami wurin guje-guje. Ƙetaren ruwan kuma ƙasar Kwango ce ta Kinshasa, ana hango ta da ido.

Maganar wata uwa

Da muka fara kawo wannan zance a taron iyaye, wata dattijuwa da ta yi fiye da shekara 30 tana aure a Mbaiki ta dube mu ta ce, "Ɗan Malam, ka san hanyar da kake cewa mu bi? Ta nan aka fito da mu a bayan manyan motoci, ko tukunya ban ɗauko ba." Muka ce, "Mun sani, Inna." Gaskiya ta faɗa. A watan Fabrairu 2014 aka kwashe Musulmin Mbaiki, mataimakin magajin garin, Saleh Dido, ya ƙi tafiya domin ya ce nan ne garinsu, kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Allah ya jiƙansa da sauran waɗanda suka rasu. Ba mu da ikon ce wa Inna ta manta, ba kuma za a tilasta wa kowa shiga mota ba. Abin da muka ce mata shi ne, jikokinta suna da haƙƙin ganin garin da aka haifi ubansu, kuma ita ce ta fi kowa iya nuna musu. Ta ce za ta yi tunani. Muna ganin wannan amsa ta isa a yanzu.

Maganarta ce ta sa muka tsaya kan sharaɗi na farko: ba a ɗaukar mata da yara a tafi kan jita-jita. Mako guda kafin ranar, magidanta biyu su je su dawo. Su ga halin hanya da idonsu, su gaida mokonzi, wato mai garin Zinga, su sanar da hukumar wurin cewa baƙi suna tafe da iyali, su nemi wanda zai zagaya da mu daga cikin mutanen gari, su kuma daidaita da shi kan ladansa. A tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum, domin su ne suka san inda gada ta lalace da inda aka kafa sabon shinge. In waɗannan biyun suka dawo suka ce a dakata, to a dakata, ko da an riga an soya kaji. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Lokaci da hanya

Lokacin da ya dace shi ne tsakiyar rani, Janairu ko Fabrairu, kafin ruwan farko ya ɓata hanyar jar ƙasa. A duba kalanda kada ranar ta faɗa cikin azumi, kada kuma ta zama Juma'a. Lahadi ta fi, domin yara ba su da makaranta.

Hanyar tana fita ta Bimbo, a haye gadar M'Poko a Kilomita Tara, a bi ta Pissa zuwa Mbaiki, tafiyar kilomita 107 a kan kwalta. Daga Mbaiki a karkata zuwa gaɓar kogi a kan hanyar burji ta cikin daji, kimanin kilomita 80. Wannan kashi na biyu shi ne mai cin lokaci. Kada a yaudari kai: zuwa da dawowa ya haura kilomita 350, kuma a nan rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen ƙarfe shida. Saboda haka a kwana da kaya a ɗaure, a yi Asuba a masallaci, ana sallamewa a tashi. Burinmu mu isa Zinga kafin ƙarfe goma sha ɗaya, mu bar ta ƙarfe ɗaya, Magariba ta same mu a gida ko a bakin gari. Mu yi alkawari tun yanzu: in ƙarfe tara ta wuce ba mu bar Mbaiki ba, ko taya ta fashe ko wani abu ya tsare mu, to an fasa Zinga a wannan rana, a ci abinci a nan a juyo. Tafiyar dare da yara a hanyar daji ba ta cikin shirinmu.

Wani zai ce, me zai hana mu bi ruwa, tunda Zinga a bakin kogi take? Muna tuna wa irin wannan ɗan uwa ranar 19 ga Afrilu 2024, da kwale-kwalen katako da aka cika maƙil da masu zuwa jana'iza ya kife a kogin M'Poko nan cikin Bangui, mutum aƙalla 58 suka rasu. Baleniya ba ta da lokacin tashi tsayayye, ba kasafai ake samun rigar kariya daga nutsewa a cikinta ba, dawowa kuma hawa ne a kan ruwa, ya fi gangara daɗewa. Ga mai iyali da yini ɗaya a hannu, mota ta fi.

A nemi motoci biyu masu ƙarfi, su tafi tare su dawo tare, kowace da tayar ajiya lafiyayya da jarkar mai, domin bayan Mbaiki ba a dogara da samun gidan mai. Kada a cusa mutane fiye da kujeru. Kuɗin haya da mai da abinci a yi musu karo-karo tun da wata biyu, a damƙa wa mutum ɗaya amintacce ya rubuta. Muna roƙon masu hali kowa ya ɗauki nauyin maraya ɗaya ko biyu, domin su ne ba su da mai kai su ko'ina.

Takardu kuwa, kowane baligi ya riƙe katin shaidarsa, kowane yaro a tafi da kwafin takardar haihuwarsa ko katin makaranta. Mun san wahalar da da yawa daga cikinmu suke sha kafin su sami waɗannan takardu, shi ya sa muke faɗa tun da wuri. A rubuta sunayen matafiya duka a takarda biyu, ɗaya a hannun jagora, ɗaya a bari wurin liman. A shingen bincike mutum ɗaya ne zai yi magana, dattijo mai sanyin baki da ya iya Sango da Faransanci, sauran su zauna a mota. A ja wa samari kunne su mayar da waya aljihu a kusa da shinge, da gada, da duk wurin soja, musamman wajen Berengo, tsohon gidan Bokassa da ke kan hanyar.

Salla da abinci

Nisan nan ya wuce abin da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade wa ƙasaru, wato baridi huɗu, mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai, kamar yadda muka karanta a Risala. Matafiyi yakan fara ƙasaru in ya wuce gidajen gari, ya ci gaba har ya dawo gare su. Wanda rana ta yi masa zawali yana sauke, kuma ya san ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwarta, an yi masa rangwame ya haɗa Azahar da La'asar kafin ya tashi. Wannan shi ne halinmu a Zinga. Sai dai malamai sun ware tafiyar da aka yi domin wasa tsagwaronsa, don haka mu gyara niyya: mun fita ne domin ilimi da lura da ayoyin Allah da sada zumunci da maƙwabta. Kafin ranar a zauna da liman ya warware wa mata da samari hukuncin dalla-dalla. A tafi da tabarmi da buta. Alƙibla tana arewa maso gabas.

Abinci a dafo shi daga gida: dambu, soyayyen nama, ƙosai, burodi, da ruwan sha mai yawa a jarka. A hanya ana iya sayen ayaba da abarba da mangbere da kifi, ɗanye ko banda, kuma yana da kyau a saya, domin baƙon da ya zo ya kalli mutane ya tafi bai bar musu ko dala ba ba a marmarin dawowarsa. Naman daji da ake ratayewa a bakin hanya kuwa a bar shi. Ban da maganar yanka, Lobaye tana cikin yankunan da cutar ƙyandar biri take ɓulla, kuma ana ɗaukarta daga taɓa namun daji. A hana yara ko shafa shi.

A bakin ruwa

Nan ne zuciyarmu ta fi tsayawa. Yaranmu ba su iya iyo ba, kuma yashin kogi mayaudari ne: taku uku ruwa yana idon sawu, na huɗu ya shanye mutum. Kafin kowa ya cire takalmi a tambayi masunta inda yake da aminci, a shata iyaka da sanda, kada ruwa ya wuce gwiwar yaro. Kowace uwa ko yaya a ba ta yara uku da za ta ƙirga, magidanta biyu su tsaya ta ɓangaren ruwa suna fuskantar yara, ba hira ba waya. A guji kududdufan da ruwa ya bari a kwance, domin a irin su ake kamuwa da tsargiya. Kada wani saurayi ya ɗauki kwale-kwale ya ce zai leƙa tsibiri ko ƙetare, wata ƙasa ce, kuma ba da takardar shiga muka zo ba. A ware wa mata da 'yan mata gefensu su sake, a kuma kwashe duk ledar da aka zo da ita. Akwatin magani ya ƙunshi na zazzaɓi, da bandeji, da garin gishiri da sukari na gudawa.

Mutanen da za mu tarar, Ngbaka da Mbati da Monzombo, da Aka mazauna daji waɗanda UNESCO ta karrama waƙoƙinsu a 2003, su ne masu gida. A koya wa yara su fara gaisuwa da bara ala, su rufe da singila. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada a nuna mutum da yatsa saboda tsayinsa ko shigarsa. Mun ɗanɗani zafin a raina mutum saboda asalinsa, bai kamata a ji shi daga bakin 'ya'yanmu ba. Wataƙila a cikin yaran Zinga akwai wanda bai taɓa zama da Musulmi ba tun da aka haife shi, abin da ya gani a wurinmu ranar shi zai riƙe.

Iyalin da Zinga ta yi musu nisa ko tsada kada su ce an bar su a baya. Bangui kanta tsohuwar tasha ce. Da kuɗin taksi ana iya kai yara bakin kogi da yamma su ga duwatsun da suka sa aka kafa garin, su hango Zongo a ƙetare, ko a kai su kallon tseren kwale-kwale da aka saba yi a bikin 1 ga Disamba. Wanda ya fara da wannan bana, baɗi sai ya ƙara gaba.

Mai sha'awar tafiyar ya ba da sunansa da yawan iyalinsa wurin kwamitin iyaye bayan sallar Juma'a, domin a san motar da za a nema. Yaron nan da ya ga kogi ta taga mun riga mun rubuta sunansa, mahaifinsa ya yarda. Saura Inna, muna jiran amsarta.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu, ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.